Madam Clicquot, Bazawarar da Ta Tace Shampen

Ranar Lahadin da ta wuce na je walimar auren 'yar ƙanwar babata a Aboabo. Bayan an ci an sha, mai gabatarwa ya kira abokan ango, aka miƙo musu wata koriyar kwalba mai dogon wuya, an naɗe bakinta da takarda ruwan zinariya. Suka girgiza ta, suka saki marfin, ji kake tau! Kumfa ta yi sama, 'yan mata suka sa guɗa. Wata Hajiya da ke zaune kusa da ni ta janye kofinta da sauri, ta taɓo ni tana tambaya ko giya ce aka shigo da ita cikin auren Musulmi. Tunda ni ne malamin makaranta, ai ni zan sani. Na karɓo kwalbar na karanta abin da ke jikinta: ruwan inabi ne aka ɗura masa gas, babu barasa ko ɗigo. Na yi mata bayani, ta gyaɗa kai, amma duk da haka lamurje ta sha.

Ban ga laifinta ba. Mun ari al'adar fasa wannan kwalba, kuma yawancinmu ba mu san asalinta ba. Asalin kuwa giya ce, wadda ake kira shampen, sunan wani yanki a arewa maso gabashin Faransa inda ake yin ta. Hukuncin giya a wurinmu sananne ne, shanta da sayar da ita duka, kuma ba talla na zo yi mata ba. Sai dai ni kimiyya nake koyarwa a JHS, kuma na lura wanda ya san yadda ake yin abu ya fi wuyar cuta a kansa. Labarin yadda wannan kwalba ta zama abin da take a yau kuwa, rabinsa labarin wata mata ce da mijinta ya mutu ya bar ta tana da shekara 27.

An haifi Barbe-Nicole Ponsardin ran 16 ga Disamba 1777 a birnin Reims. Mahaifinta, Nicolas Ponsardin, attajiri ne mai masaƙa, kuma mutum ne da ya iya zama da kowane mai mulki. Juyin juya halin 1789 ya cinye masu kuɗi da yawa a Faransa, shi kuwa ya fita lafiya da dukiyarsa, har daga baya ya zama magajin garin Reims a zamanin Napoleon. A 1798 ya aurar da 'yarsa ga François Clicquot, ɗan wani attajirin tufafi kuma mai banki, Philippe Clicquot. Irin auren nan ne da muka sani, na haɗa gidan kuɗi da gidan kuɗi. Philippe yana da gonakin inabi, kuma tun 1772 yake ɗan taɓa cinikin giya a gefe, amma tufafi ne babbar sana'arsa. François ne ya ɗauki giyar da gaske, yana yawo cikin ƙasashen Turai neman masu saye, amaryarsa kuma tana bin sa gonaki da rumbunan ƙasa tana kallon yadda ake aiki. Sun haifi 'ya ɗaya, Clémentine, a 1799. A watan Oktoba 1805 zazzaɓi ya kwantar da François, cikin 'yan kwanaki ya rasu.

Surukinta ya yi niyyar rufe harkar giyar gaba ɗaya. Ita ta ce a bar mata. A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani game da dokar Faransa ta wancan lokaci. Kundin dokar da Napoleon ya kafa a 1804 ya sa matar aure ƙarƙashin mijinta a sha'anin dukiya, ba ta kasuwanci ko sa hannu a yarjejeniya sai da izininsa. Bazawarar da mijinta ya mutu kuwa, ita ke da ikon kanta. Mu da muka taso muna ganin iyayenmu mata da jarinsu da adashinsu a Kejetia, miji bai isa ya taɓa ba, abin zai ba mu mamaki. To a can sai mutuwar miji ke buɗe wa mace wannan ƙofa. Shi ya sa kalmar Veuve, wato bazawara da Faransanci, ta manne a sunan kamfanin har yau, kuma ni a ganina yana cikin dalilan da suka sa ba ta sake aure ba duk tsawon shekara 60 da ta yi bayan mijinta.

Philippe ya yarda, da sharaɗin ta yi tarayya da wani gogaggen ɗan kasuwa, Alexandre Fourneaux, na shekara huɗu. Shekarun ba su yi daɗi ba. Faransa na yaƙi da kusan kowa, Ingila ta tare teku, dubban kwalabensu suka maƙale a Amsterdam har zafi ya lalata su. Da wa'adin ya cika a 1810 Fourneaux ya zare hannunsa. Ita ta ci gaba ita kaɗai da sunan Veuve Clicquot Ponsardin.

Kafin in ci gaba da labarinta, dole in bayyana abin da ke cikin kwalbar, don sai da shi za a gane aikin da ta yi.

Duk inda sukari ya haɗu da yis, yis ɗin zai ci sukarin ya fitar da abu biyu: barasa da iskar gas. Shi ne abin da ke kumbura ƙullin burodi da na bofrot, sai dai can wuta na korar barasar. Shi ne kuma abin da ke faruwa da bammi, wanda da safe yake da zaƙi, kafin yamma ya yi ƙarfi yana kumfa. Giyar inabi ta yau da kullum a buɗe take tsima cikin ganga, iskar ta fice, barasar ta zauna. Amma yankin Shampen akwai sanyi. A da, hunturu kan zo ya sa yis ɗin barci tun bai gama cin sukarin ba. Masu giya su ɗauka an gama, su ɗura a kwalba su toshe. Da ɗumi ya dawo sai yis ya farka ya ci gaba da aikinsa, iskar kuma ba ta da hanyar fita, sai ta narke cikin ruwan. In an buɗe, ta taso da ƙarfi. Kumfar ke nan. Da farko aibi aka ɗauke ta. Dom Pérignon, wani limamin Kirista da ya kula da giyar gidan ibada na Hautvillers daga 1668 har mutuwarsa a 1715, wanda ake yawan cewa shi ya ƙirƙiro shampen, hana kumfar ya fi damunsa, ba samar da ita ba. Turawan Ingila ne suka fara son ta, su ne kuma suke da kwalba mai kauri da za ta iya riƙe ta. Tun 1662 wani likitansu, Christopher Merret, ya rubuta yadda ake ƙara wa giya sukari don ta yi kumfa.

Yadda ake yi yau da gangan ake yi. A tsinke inabi da hannu, a matse a hankali don kada launin ɓawon ya shiga ruwan, domin biyu daga cikin manyan irin inabi uku da ake amfani da su baƙaƙe ne. A bar shi ya tsima sau ɗaya ya zama giya marar kumfa. A gauraya ta gonaki daban-daban. Sannan a ɗura a kwalba, a ƙara yis da sukari kamar giram 24 a kowace lita, a toshe, a kwantar a rumbun ƙarƙashin ƙasa mai sanyi. Can take tsima na biyu. Ƙarfin iskar da ke taruwa ciki ya ninka na tayar mota sau biyu zuwa uku, barasar kuma ta kai kamar kashi 12 cikin 100. Doka ta ce sai ta yi aƙalla wata 15 a rumbu kafin a sayar.

A zamanin Madam Clicquot duk wannan da ka ake yin sa. Ba a tabbatar cewa yis mai rai ne ke haddasa tsima ba, sai da Louis Pasteur ya nuna haka wajen 1857. Babu ma'aunin sukari, sai a 1836 wani mai haɗa magunguna a Châlons, Jean-Baptiste François, ya fito da hanyar auna shi. Kafin nan, in sukari ya yi yawa kwalabe su yi ta fashewa, ɗaya ta tayar da na kusa da ita, har ma'aikata kan sa abin kare fuska na ƙarfe kafin su shiga rumbu. A mummunar shekara mai giya kan rasa fiye da rabin kayansa. Na taɓa ganin ƙaramin misalin wannan a ajina. Wata ɗaliba ta manta gorar sobolo mai sukari cikin akwatin aji daga Juma'a zuwa Litinin. Gorar ta kumbura ta yi tauri kamar dutse, da aka murɗa marfin sai da jan ruwa ya taɓa silin. Na ce musu su shinshina, kowa ya ji warin ya sauya. Darasin ranar bai buƙaci allo ba.

Matsala ta biyu ita ce wadda sunan matar nan ya rataya a kanta. In yis ya gama aikinsa mutuwa yake yi, ya kwanta a cikin kwalba kamar gwiɓar koko. Giyar ta yi duhu-duhu, ba kyan gani. Yaya za a fitar da gwiɓa daga rufaffiyar kwalba ba tare da iskar ta gudu ba? Abin da ake yi a da shi ne a juye daga wannan kwalba zuwa waccan, a bar gwiɓar a baya. Kumfa ta ragu, giya ta zube, aiki ya yi yawa, kuma duk da haka ba ta fita garau.

Wajen 1816, ita da shugaban rumbunta, wani Bajamushe mai suna Antoine Müller, suka samo hanya. Aka huda ramuka a jikin katako, aka soka kwalaben ta baki, gindi a sama, a karkace. Kullum ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan murɗa kowace, ya ɗan girgiza, ya ƙara miƙar da ita kaɗan. A hankali gwiɓar na gangarowa, har bayan mako shida ko makamancin haka ta taru gaba ɗaya a kan abin toshiyar. Sai a ɗauko kwalbar baki a ƙasa, a zare toshiyar da sauri ana ɗago ta, iskar da ke ciki ta harbo gwiɓar waje, a tare bakin da yatsa, a cike gurbin da giya mai sukari, a sake toshewa. Ana ba da labarin wai teburin cin abincinta ta sa aka fara hudawa. Ko teburin ne ko wani katako, dabarar dai ba ta buƙaci inji ko wani sabon sinadari ba. Duk macen da ta taɓa barin gasara ta kwanta kafin ta tsiyaye ruwan sama ta san tushen abin. Bambancin kawai, su sun juya kwalbar ne don abin ya kwanta a bakin ƙofa.

Abin da ya fi burge ni shi ne wannan aiki ana iya koya wa mutum shi, kuma ana iya yin sa da yawa. Gwanin murɗa kwalba kan taɓa dubu goma-goma a yini. Nan shampen ta tashi daga abin da ake yi kaɗan-kaɗan ta zama sana'ar masana'anta. Sun riƙe sirrin na 'yan shekaru, abokan hamayya suna ta mamakin yadda kayanta ke fita garau, kafin dabarar ta bazu ko'ina. Yau injuna ke yin murɗawar, keji ɗaya na ɗaukar kwalba 504 ya gama cikin mako guda, kuma tun 1884 ake daskarar da wuyan kwalbar don gwiɓar ta fito a dunƙule cikin ƙanƙara. Amma hanyar ita ce dai ta 1816. Don mai karatu ya kwatanta zamanin: shekara ɗaya bayan haka, a 1817, Bature Thomas Bowdich ya iso Kumasi ya tarar da malamai Musulmi a fadar Asantehene Osei Bonsu, kuma a shekarar ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato.

Na tsallake abin da ya fara yi mata suna, bari in koma baya kaɗan. A 1811 wani tauraro mai wutsiya ya daɗe a sararin sama, kuma inabin shekarar ya yi kyau ƙwarai. Ta yi giya da shi ta ajiye, ba kasuwa. Manyan masu sayenta Rashawa ne, ga shi a 1812 Napoleon ya kai wa Rasha yaƙi, Sarki Alexander ya hana shigo da giyar Faransa ta kwalba. A farkon 1814 yaƙin ya juyo, sojojin Rasha suka shigo Reims kanta. Ta sa aka toshe inda ta ɓoye giyar 1811 da bulo. A watan Afrilu Napoleon ya sauka daga mulki. Kowane mai giya a yankin ya san kasuwar Rasha za ta buɗe, kowa kuma yana jiran a sanar a hukumance. Ita ba ta jira ba. A asirce ta yi hayar jirgin ruwa, ta loda kwalba 10,550, ta haɗa da amintaccen wakilinta Louis Bohne, suka nufi Königsberg a bakin tekun Baltik, garin da yau ake kira Kaliningrad. Da zafi ya fasa kayan a hanya, ko da an ƙwace su, da ta karye, don ba ta da wani abin da za ta koma kansa. Kayan suka isa lafiya, makonni kafin na kowa. Tun a tashar jirgi aka fara rububi, kafin a kai Saint Petersburg farashi ya yi sama, ta sake tura wani jirgin. Daga nan har ƙarshen rayuwarta sunan Clicquot a Rasha kusan shi ne sunan shampen.

Abin da Rashawan nan suke sha ba irin na yau ba ne. Zaƙi suke so kamar su mutu. A 2010 masu ninƙaya sun gano kwalba 168 a wani jirgi da ya nutse kusa da tsibiran Åland a tekun Baltik, wasunsu na gidan Clicquot, kuma da aka auna sai aka tarar sukarin ciki ya fi na lemon kwalba da muke sha. Wata bazawarar ce ta daban a Reims, Madam Pommery, ta yi suna da marar zaƙi a 1874 don Turawan Ingila, kuma irin wannan ne ya fi yawa a kasuwa yanzu. Masu sha suna sanyaya ta, su zuba a dogon kofin gilashi siriri don kumfar ta daɗe tana tasowa, kuma a wurinsu gwaninta ita ce a buɗe a hankali ba ƙara. Girgizawa da fesawa da muke kwaikwaya a biki daga filin tseren motoci ta yaɗu, tun 1967. Ko a can ɗin, in an je tseren Bahrain, ruwan wardi mai gas ake ba direbobi su fesa.

Kada a ɗauka duk abin da ta taɓa ya yi albarka. Ta aurar da Clémentine a 1817 ga wani mai sarauta, Louis de Chevigné, kyakkyawa mai daɗin baki, mai caca da kashe kuɗi, kuma surukar tasa ta riƙa biya masa. A 1822 ta buɗe banki, ta koma harkar masaƙa, abubuwan da ba ta ƙware a kansu ba. Kafin ƙarshen shekarun 1820 bankin ya kusa jan kamfanin duka zuwa rami. Wani ma'aikacinta Bajamushe, Édouard Werlé, shi ya sa dukiyarsa ya tare masu bin bashi. Ta san alheri: ta mai da shi abokin tarayya a 1831, daga baya ragamar ta koma hannunsa, har shi ma ya zama magajin garin Reims. Na ga irin wannan a Zongo ba sau ɗaya ba, Hajiya ta yi shekara talatin tana tara kuɗi a goro ko atamfa, suruki ɗaya ko sabuwar harka ɗaya ta kusa kwashe su. Ba kowace ce ke samun mai tare mata ba.

Ta ja da baya daga aikin yau da kullum wajen 1841, ta gina katafaren gida a Boursault, a gefen kogin Marne, ta zauna da jikoki. 'Yarta tilo ta riga ta mutuwa a 1863. Ita ta rasu ran 29 ga Yuli 1866 tana da shekara 88, lokacin kamfanin na sayar da kwalba kusan 750,000 a shekara. Tattaɓa-kunnenta da ta gaji gidan, Anne, wadda aka sani da Duchesse d'Uzès, ita ce mace ta farko da ta karɓi lasin tuƙa mota a Faransa, a 1898.

Ni dai ina girmama ƙwazonta da haƙurinta, ba na kuma fatan 'yata ta gaji sana'arta. Abin da na ɗauko daga labarin don amfanin gidajenmu shi ne sanin inda kumfa ke fitowa. Hanya biyu ce. Ko dai yis ne ya haife ta a cikin abin sha, to wannan tare take da barasa, ba a raba su. Ko kuma a masana'anta aka ɗura gas da inji, kamar lemon kwalba, wannan babu ruwanta da tsima. Kwalaben da ake kawowa bukukuwanmu da sunan marasa barasa su ma iri biyu ne, kuma daga nesa ba ka bambance su, don duk shigarsu ɗaya: koren gilashi, takardar zinariya, waya a kan marfi. Akwai ruwan inabi ko na tuffa zalla da aka sa wa gas, irin wanda na karanta wa Hajiya. Akwai kuma wanda giya ce sosai aka fara yi, sannan aka zare barasar da inji, kuma irin wannan kan rage da ɗan abin da bai wuce 0.5 cikin 100 ba. Malamai sun yi magana a kan wannan na biyun, wanda abin ya shafa ya tambayi nasa malamin. A manyan kantuna kuma sau da yawa ana jera su kusa da ta ainihin mai kashi 11 ko 12, yaron da aka aika da gaggawa ranar biki ba lallai ya tsaya dubawa ba. Lambar tana nan a jikin takardar, yawanci can ƙasa ko a baya, da ƙananan haruffa. Auren ƙanena na tafe bayan Babbar Sallah, na riga na gaya wa gida sayen kwalaben a bar mini.